Kowace Fitila da Makunninta

Yau za mu ɗan bar aji da allo, mu gangara tasha da garejin gyaran mota, domin abin da ya same mu a hanya kwanakin baya ya nuna mana akwai darasin da manya ma suke bukata. In aka duba zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango a Ankara, zuwa Aboabo a Kumasi, har Techiman da Tamale da Bawku, da wuya a sami gidan da ba shi da direba, ko yaron mota, ko makanike, ko mai babur mai ƙafa uku da ke dakon kaya. Mota ita ce gonar da yawa daga cikinmu. To, zancenmu na yau a kan ɗan ƙaramin abu ne wanda bai fi babban yatsa girma ba, wato makunni: yadda ake zaɓensa, da yadda ake ɗaura shi ga kayan ƙari da muke sa wa motocinmu, kamar fitilar hange, da fanka, da rediyo, da hon, da abin cajin waya.

Ga yadda abin ya faru. Mun je ɗaurin aure Tamale, mu 18 a cikin wata tsohuwar bas da muka yi shata, har da mata da goyo. Muka taso da dare don gudun zafin rana. Mun ƙetare gadar Buipe ke nan, ba mu kai Kintampo ba, sai wata dattijuwa da ke zaune bayan direba ta ce, "Ɗana, wa ke ƙona roba a cikin motar nan?" Direba ya ce, "Hajiya, daji ake ƙonawa." Bai rufe baki ba sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, fitilu duka suka ɗauke, muka shiga duhu mota tana gudu. Allah Ya taimake mu hanyar miƙaƙƙiya ce a wurin, kuma babu babbar mota a bayanmu. Direba ya lallaɓa ya sauka gefe, yaron mota ya yi maza ya cire kan batir, muka fita muna ƙirga yara. A bakin hanya muka kwana.

Da gari ya waye aka ɗauko wani mai wayarin daga Kintampo. Da ya buɗe allon gaban direba sai ya kira mu, ya ce, "Ticha, zo ka ga abin da kuka hau." Waya guda ce siririya, irin wadda ake ɗaura wa rediyon ɗaki, an jawo ta daga bayan makulli. A kanta an rataya fitilun hange guda 2, da rediyo da na'urar ƙara masa murya, da fanka, da fitilun ado masu launi, da wurin cajin waya. Dukkansu makunni ɗaya ke kunna su, shi ma irin na bangon ɗaki ne, an ɗaure shi da baƙin salatif. Fis kuwa ya daɗe da ƙonewa, an naɗe ƙafafunsa da silin waya. Direba ya ce, "Wallahi Masta, wata 6 ke nan ina aiki da shi haka, bai taɓa ba ni matsala ba." Mai wayarin ya ce, "Ai wata 6 ya yi yana dahuwa, jiya ya nuna."

Ba mu kawo wannan labari don mu tozarta direban ba. Mutumin kirki ne, kuma da hannunsa ya tsayar da motar lafiya. Abin da ya yi, rabin motocin tasha haka suke. Abin da ya rasa lissafi ne kawai, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji 6 na firamare ba.

Lissafin ke nan. Abu uku ake aunawa a wutar mota. Akwai folt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne ƙarfin turin wutar. Ƙananan motoci da bas-bas da babura folt 12 suke amfani da shi, manyan motocin kaya kuwa galibi folt 24. Akwai wat, mai harafin W, shi ne yawan cin kayan, kuma a rubuce yake a jikin ƙwan fitila ko a kwalinsa. Sai amfiya, mai harafin A, wato yawan wutar da ke gudana a cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bi ta cikin famfo. In kana son sanin amfiya, sai ka raba wat da folt. Ƙwan fitila mai wat 55 a motar folt 12 yana jan amfiya 4.6, guda biyu kuwa amfiya 9 da ɗan ɗoriya. Fitilun direbanmu masu wat 100 ne kowace, wato wat 200, a raba da 12, ya ba da kusan amfiya 17. Da aka tara sauran kayan, abin ya haura amfiya 25, a kan wayar da bai kamata a ɗora mata fiye da 8 ba. Waya in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robarta ta narke, tagullar ta taɓa ƙarfen mota. Daga nan batir zai juye wutarsa gaba ɗaya ta wannan wuri, kuma batirin da ke iya juya inji yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Wannan ita ce gobarar.

Saboda haka dokarmu ta farko: kowane kaya da makunninsa, da fis nasa, da wayarsa. Amfanin wannan uku ne. Na ɗaya, nauyin ya rabu, babu wayar da ke ɗauke da kayan wata. Na biyu, in abu ɗaya ya lalace, shi kaɗai zai mutu, sauran su ci gaba da aiki, kuma mai gyara ba zai yini yana lalube ba. Na uku, direba zai kunna abin da yake bukata kaɗai. Wanda ya haɗa fanka da fitilar hange a makunni ɗaya, duk ranar da zafi ya dame shi da tsakar rana sai ya kunna fitila yana ƙona ƙwai a banza, duk daren da sanyin hunturu ya kama fasinja kuwa sai dai su haƙura da fanka in ana son ganin hanya.

To, yaya ake zaɓen makunni? In ka shiga Suame Magazine a Kumasi, ko Abossey Okai a Ankara, za a zube maka su a faranti kamar goro. Kada ka zaɓa don kyan launi. Juya shi ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Na kirki yana ɗauke da lamba, misali 12V 20A, wato yana iya ɗaukar amfiya 20 a wutar folt 12. Wanda ba a rubuta masa kome ba, ajiye shi, wanda ya ƙera shi ma bai yarda da shi ba. Ka nemi wanda lambarsa ta fi abin da kayanka ke ja da kamar rabi: in kayan na jan amfiya 6, nemi mai 10. Dalili shi ne ƙwan fitila mai zare, a lokacin da aka kunna shi yana sanyi, yakan fizgi wuta kusan ninki 10 na abin da ya saba ja, na ɗan ƙiftawar ido, haka ma fanka takan fizga kafin ta ɗauki juyi. Wannan fizga ita ke cin bakin makunni a hankali.

Sannan ka duba ko an rubuta DC. Wutar gida, wadda ake rubuta wa AC, tana kai da komo ne sau 50 a daƙiƙa, saboda haka tartsatsin da ke tashi in an kashe makunni yakan mutu da kansa. Wutar batir kuwa hanya ɗaya take bi ba ta juyawa, tartsatsinta ya fi naci. Ban da haka, makunnin bango an yi shi ne don ya zauna a ɗaki, ba a yi shi don girgizar hanya da ƙura da zafin inji ba, sukurorinsa kwancewa suke yi. A bar wa ɗaki kayan ɗaki. Wata shawara kuma da masu wayarin da yawa ke bayarwa ita ce, makunni ko rile da aka ciro daga tsohuwar motar Turai, irin kayan da muke kira hom-yus, sau da yawa ya fi sabo mai araha ƙarko. Araha dai ba ta ado.

Makunnai iri-iri ne, kowane da aikinsa. Akwai mai ɗan hannu da ake turawa sama da ƙasa, wanda galibi ramin milimita 12 yake shiga. Yana da ƙarfi, kuma hannu na gane shi cikin duhu, amma gwiwa ko jakar fasinja na iya ture shi, don haka a sa shi inda ba a gogarsa. Akwai mai faɗi da ake danna gefe ɗaya ɗaya gefen ya tashi, zagayayyensa ramin milimita 20 yake so, kuma motoci da yawa suna da guraben da kamfani ya toshe da roba a allon gaba, ana iya cire robar a sa shi ba tare da an huda kome ba. Akwai na dannawa wanda ke komawa da kansa in an ɗaga yatsa, wannan na hon ne, kada a sa wa hon wanda ke zama a kunne. Akwai kuma mai matsayi uku, kashe a tsakiya, kunne a sama da ƙasa, wanda ya dace da fanka mai gudu biyu. Masu babur da masu aboboya su nemi mai rigar roba wanda ruwa ba ya shiga, mai maɗaurin da ya dace da ƙahon babur, wanda galibi kaurinsa milimita 22 ne, domin damina ba ta jin roƙo.

Muna ba da shawarar a sayi mai ɗan haske a ciki, wanda ke nuna yana kunne. Dalili kuwa, batir mai lamba 60Ah in aka bar masa fitilu biyu masu wat 55 a kunne, ko a lissafin takarda bai wuce awa 6 da rabi ba zai ƙare, kuma tun kafin nan zai kasa tayar da inji. Direbobi nawa ne suka wayi gari suna neman masu turi saboda fankar da aka manta? Sai dai a lura, mai haske ƙafa uku gare shi: ɗaya ta wutar da ke shigowa, ɗaya ta wutar da ke fita zuwa kayan, ɗaya kuma ta jikin mota, wadda masu wayarin ke kira at, ita ce ke kunna ɗan hasken. Galibi ƙafar at launinta dabam ne, ruwan tagulla. In aka musanya ta shiga da ta fita, hasken zai zauna a kunne dare da rana. In kuwa aka sa wayar at a gurbin ta fita, da an danna sai fis ya tashi. A gwada da fitilar gwaji kafin a ɗaure.

Yanzu sai babban abokin makunni, wato rile. Kayan da cinsu bai wuce amfiya 5 ba, kamar ƙaramar fanka, da fitilar cikin mota, da abin caji, makunni mai kyau shi kaɗai ya ishe su. Amma fitilar hange, da hon mai iska, da duk wani mai cin wuta da yawa, kada a bi da wutarsu ta cikin makunni. Rile ɗan akwati ne baƙi mai kamar ƙwayar maggi babba, a cikinsa akwai maganaɗisu. Makunnin direba yana aika masa 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai rabin amfiya ba, shi kuma sai ya haɗa babbar wutar daga batir kai tsaye zuwa fitila. Misalinsa kamar mai gida ne da ke ba da umarni da baki, ƙato kuma ya ɗauki buhu. Da haka babbar wuta ba ta shigowa kusa da gwiwar direba sam, tana can gaban mota, hanyarta gajera, fitila ma ta fi haske.

Ƙafafun rile suna da lambobi, tsarin Jamusawa ne da ya bazu a duniya, kuma duk inda ka saye shi haka za ka gan su. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir, ta bayan fis. Lamba 87 ita ke kai wuta ga kayan. Lamba 86 ita ke karɓar 'yar wutar da ta fito daga makunni. Lamba 85 kuwa jikin mota take zuwa. In ka ga ƙafa ta biyar a tsakiya mai lamba 87a, wannan tana da wuta ne a lokacin da rile ke kashe, a irin aikinmu ba a bukatarta, a rufe ta kada ta taɓa ƙarfe. Mai amfiya 30 ko 40 ya ishi yawancin aikinmu. A ɗaure shi ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. Ɗalibin da ya haddace jadawalin sau ba zai kasa haddace lambobi huɗu ba.

Sai fis. Mutane da yawa suna zaton fis kayan yake tsaro. A'a, waya yake tsaro, wato motar da mutanen cikinta. Shi ya sa wurin zamansa kusa da batir ne, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kan batir mai alamar +. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro, in ta goge ta taɓa ƙarfe babu abin da zai tsayar da wutar. Girman fis ya ɗan fi abin da kayan ke ja, kamar da kashi ɗaya cikin huɗu, amma kada ya fi abin da wayar ke iya ɗauka. Fitilu biyu masu wat 55, fis mai 15. Masu wat 100, fis mai 25. Fis na zamani masu ƙafa biyu launinsu na faɗin girmansu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garai 25, kore 30. Wanda bai iya karatu ba ma ya iya wannan. In fis ya ƙone, magana yake yi maka, yana cewa akwai ɓaraka a wani wuri. Ka sa sabo irinsa sau ɗaya, in ya sake ƙonewa nemi dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya naɗe fis da silin waya ko takardar sigari, kamar wanda ya ɗaure mai gadi ne don kada ihunsa ya hana shi barci.

Waya kuma a sayi ta mota, mai silli da yawa, mai laushi. Wayar gini mai ƙarfe ɗaya a ciki girgiza na karya ta. Kaurin waya da murabba'in milimita ake faɗinsa, kuma ga ƙiyasin masu taka-tsantsan: mai lamba 1 kada ta wuce amfiya 8, mai 1.5 kamar 12, mai 2.5 kamar 20, mai 4 kamar 30. In tafiyar wayar doguwa ce, kamar daga gaban bas zuwa bayanta, a ƙara kauri mataki ɗaya, domin wuta na raguwa a doguwar hanya. A yi hattara da wata waya da ta cika kasuwa, kaurin duk na roba ne, ko kuwa cikinta alminiyom ne aka shafa masa ruwan tagulla. Ka sa wuƙa ka kankare silin a gaban mai shago. In ya yi fari, ba tagulla ba ce, ba za ta ɗauki abin da ta gaske ke ɗauka ba.

Daga ina za a ɗebo wutar? Hanya biyu ce. Akwai wutar da ke nan kullum ko an zare makulli, akwai wadda sai an murɗa makulli take zuwa. Fanka da rediyo da abin caji, ya fi kyau su mutu in an zare makulli. Amma kada a rataya nauyinsu a bayan makullin kansa kamar yadda direbanmu ya yi. Dabarar ita ce, a ɗebo 'yar wutar umarni kawai daga wayar makulli, ta bi ta makunni zuwa ƙafa 86, babbar wutar kuwa ta fito daga batir. Fitilar hange tana da tata dabarar da muke roƙon kowane direba ya yi: a ɗebo 'yar wutar makunninta daga wayar babbar fitila, wadda muke kira ful. Da haka, da zarar ka sauke fitila don mai zuwa, ta hangen ma za ta mutu da kanta, ba sai ka laluba ba.

Ga tsarin aikin daki-daki. Da farko kashe mota, ka cire kan batir mai alamar –, shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. In ka fara da mai alamar + sufana ta taɓa jikin mota, za ka ga walƙiya a hannunka. Na biyu, zaɓi wurin makunni inda hannu zai kai ba tare da ido ya bar hanya ba, kuma kafin ka huda, leƙa bayan wurin ka tabbata babu wayoyi. Na uku, ja wayarka nesa da salansa da duk abin da ke zafi ko juyawa, ka ɗaure ta kowane taƙi biyu. Inda za ta ratsa ƙarfe, kamar bangon da ke tsakanin inji da direba, dole a sa zoben roba a ramin, in ba haka ba bakin ƙarfen zai yanka ta sannu a hankali. Na huɗu, kowane mahaɗi a sa masa kan waya na ƙarfe a matse da filaya, ko a yi masa dalma. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba aiki ba ne, zafin watan Maris zai saki salatif ɗin. Na biyar, wayar at a ɗaure ta da ƙusa mai sukuri a jikin mota, bayan an kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Rabin fitilun da ke lumshewa, at ne ba shi da kyau. Na shida, mayar da kan batir, sa fis, kunna abu ɗaya-ɗaya. Bar shi minti 10, sa'an nan ka taɓa waya da makunni. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, kashe ka sake lissafi. A ƙarshe rubuta sunan kowane makunni a ƙarƙashinsa, domin ba kullum kai ke tuƙa motar ba.

'Yan'uwanmu masu manyan motoci, masu ɗaukar albasa da goro da shanu, ku tuna taku folt 24 ce, batir biyu ne aka jera. Rile da makunni mai haske na folt 12 ƙonewa za su yi a wurinku, na folt 24 kuma ba zai motsa a ƙaramar mota ba. Kuma al'adar nan ta ɗebo wa rediyo wuta daga batir ɗaya cikin biyun tana kashe batir, domin ɗaya na ƙarewa ɗaya na cika fiye da kima, ƙarshe a sayi biyu. Akwai 'yar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Masu babur kuwa, injin cajinku ƙarami ne, ku tsaya kan fitilar LED mai ƙaramin wat. Masu sababbin motoci masu kwamfuta, kada ku yanki wayar da ba ku san ta ba, musamman mai rigar rawaya ko mahaɗi rawaya, wannan ta jakar iska ce mai kare direba a haɗari. Irin waɗannan motoci a kai su wurin wanda ya san su.

Akwai kuma haƙƙin wanda kuke haɗuwa da shi a hanya. A shekarar 2012 aka fitar da dokokin hanya masu lamba L.I. 2180, waɗanda suka sa iyaka a kan fitilun ƙari, suka kuma hana jiniya ga wanda ba a ba izini ba. A 2021 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tare da 'yan sanda sun tare manyan motoci a hanyoyi suna kwance musu fitilun da aka yi wa laƙabi da fitilun kisa. Sunan bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa haɗuwa da tirela mai fitilu takwas a hanyar Techiman da dare ya san yadda ido ke rufewa. Kafin ka ƙara fitila, tambayi ofishin DVLA abin da aka yarda da shi, kada ka kashe kuɗi a kwance maka a shinge. In ka sa kuma, makunninta na dabam shi ne mutuncinka: a daji ka kunna, in ka hango mota ko ka shigo gari ka kashe. Mai zuwa ɗin nan da ka makantar, wataƙila ɗan zangonku ne, kuma in ya kauce hanya kanka zai faɗo.

Mun san ba kowa zai yi wannan aiki da hannunsa ba, kuma ba mu ce a ƙwace wa masu wayarin abincinsu ba. A cikinsu akwai gwanaye waɗanda ba su taɓa zama a aji ba amma sun fi mu sanin wuta. Sai dai in ka kai motarka, tsaya a wurin, ka yi tambaya huɗu cikin ladabi: Masta, amfiya nawa kayan nan ke ja? Ina fis ɗinsa? Ka sa rile? Daga ina ka ɗebo wutar? Gwani zai ji daɗin tambayar, ya nuna maka da yatsa. Wanda ya ce maka "bar shi kawai, haka muke yi," ɗauki motarka ka ƙara gaba. Mu ma masu mota mu daina matsa wa mai gyara ya yi aikin sidi goma a kan sidi biyu, domin sau da yawa mu ne ke cewa a bar fis, a bar rile, kuɗi ba su kai ba. Shugabannin tasha kuma, da za su riƙa leƙa ƙarƙashin sitiyarin motocin da ke layi kamar yadda suke duba taya, da an rage asara. Fasinja ma yana da nasa: in ka ji warin roba, faɗa da ƙarfi, kada ka ji kunya. Hancin Hajiya ne ya fara ceton mu a daren nan.

Direbanmu dai ya gyara motarsa. Mun gan shi a tasha makon jiya, ya ja mu ya nuna mana makunnai 5 a jere, kowane da sunansa an rubuta da fenti, da ɗan akwatin fis kusa da batir. Ya ce abin da ya kashe gaba ɗaya bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wanda ke da tambaya ko gyara, musamman masu wayarin da suka fi mu sanin aikin, ƙofa a buɗe take, a aiko ta hannun edita. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.